Kayan Gida Duka a Kan Yarinya Ɗaya

Jama'a, akwai wani zalunci da a ke yi a gidajenmu wanda ba a kai ƙararsa gaban alƙali, domin waɗanda a ke zalunta yara ne, masu yinsa kuwa iyayensu ne. Ina nufin abin da kan faru idan Allah ya ba gida yaro mai galahanga, watau abin da likitoci ke kira otizim.

Ga kamannin wannan yaro. Ya kai shekara biyu ko uku bai fara magana ba, ko kuwa sai maimaita abin da aka faɗa masa. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ya kan wuni yana jera murafun kwalba, in an gusar da ɗaya ya fashe da kuka. Ƙarar injin markaɗe ko hayaniyar biki ta kan sa ya toshe kunnuwa.

Da an ga haka sai tsofaffi su yanke hukunci: ɗan ruwa ne, ko aljanu sun musanya shi, ko uwar ce ta yi yawo da ciki da almuru, ko hannun kishiya ne. A sayar da akuya a kai wa boka, a turara hayaƙi, a ɗura jiƙo. Kuɗi su ƙare, yaro yana nan yadda ya ke. Sa'an nan kunya ta shigo, a riƙa ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. Daga ƙarshe a dubi yayarsa, 'yar shekara tara ko goma, a ce, “Ke, ga ƙanenki nan.”

To, daga ran nan ƙuruciyarta ta ƙare. Ita ce wanka, ita ce ba shi abinci, ita ce binsa kada ya fita titi ko ya leƙa rijiya. In ya fasa tulu, ita a ke duka. In ya farka da tsakar dare, ita a ke tasa. An tsame ta daga makarantar boko, ta allo ma sai ran da aka sami hali. Yayyensa maza suna wajen ƙwallo, uban yana majalisa a ƙofar gida.

Na san wani zai ce, ai reno al'adarmu ce, babba shi ke goyon ƙarami. Gaskiya ne, kuma al'ada ce mai kyau. Amma renon da muka gada ya kan ƙare da zarar yaro ya yi wayo. Wannan kuwa ya kan ɗauki shekaru, wani ma har girma yana bukatar mai kula. Aikin da ya gagari uwa da uba, yaya za a ce wajibin yarinya ne? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun ƙaramar yarinya.

Tushen wannan zalunci jahilci ne, don haka sai mu san gaskiyar abin. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan hali, bayan ya lura da yara 11. Turawa ma sun yi shekaru suna ɗora wa uwaye laifi, wai rashin nuna ƙauna ke kawo shi. Binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya taimaka wajen rushe wannan zato. Yanzu an san abin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne, kuma gado yana da hannu a ciki. Ba a ɗaukarsa ta zama tare. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Rahoton da ya ta da wannan jita-jita a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, maza sun fi mata yawa. Ashe garin da ke da yara 1,000 ba zai rasa kamar 10 ba. Aljanu ne suka musanya su duka?

Babu maganin sha da ke kawar da galahanga, amma horo tun da wuri yana da amfani ƙwarai. A kai yaro asibiti, a fara da gwada jinsa. A tsara masa lokacin ci da barci, kada a riƙa sauyawa. A yi masa magana gajeriya, a haɗa da nuni. In hayaniya ta dame shi, a janye shi gefe, kada a doke shi. Waɗansunsu su kan yi magana, su yi karatu, su koyi sana'a.

Ita kuwa yayar, a mai da ta makaranta. A raba aikin, uba ya ɗauki nasa, yayye maza su ɗauki nasu, goggo da kaka su sa hannu. A gaya wa yaran gida gaskiyar abin da ke damun ƙanensu, don su san abin da za su faɗa wa masu ba'a. In ta ce ta gaji, a saurare ta, kada a ce ba ta da tausayi. Yarinyar da aka bari ta huta ita ce za ta so ƙanenta har tsufa. Wadda aka danne, sai ta riƙa ƙirga ranar da aure zai raba ta da gidan.

Tun 2019 Nijeriya tana da dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, amma doka ba ta leƙa ƙuryar ɗaki. Wannan aikin malamai ne a wajen wa'azi, da masu unguwa, da ku da kuka iya karatu. Ku karanta wa maƙwabtanku wannan. Yara biyu ne amana a gidan nan, kuma duka biyun za a tambayi iyayensu ranar gobe. Allah ya sa mu gane, amin.