RA'AYINMU: Tsirarar waya da injin yanka: Wa ke tsare ran mai sana'a a Abuja?

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991 da fadar gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja, birnin bai taɓa hutawa da gini ba. Duk inda mutum ya sa ƙafa, daga kasuwar katako ta Dei-Dei zuwa rumfunan kafintocin Kugbo, daga garejojin Apo zuwa sababbin unguwannin da ke tsirowa a Lugbe da Kubwa da Karshi, ƙara guda ce ke tarbar kunnensa: ta injin yankan ƙarfe, da injin huda bango, da zarton lantarki. Hannayen da ke riƙe da waɗannan injuna na matasa ne, da yawansu 'yan ci-rani daga Kano da Katsina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar, wasu kuma masu ɗaura tayil da suka zo daga Togo da Benin. Su ne suka ƙawata gidajen Maitama da Asokoro, amma da wuya a ji an ambaci lafiyarsu a wani taron gwamnati.

Abin da ido ke gani a wuraren aikin nan ba ɓoyayye ba ne. An yanke fulogin injin, an fere bakin waya, an cusa ta tsirara cikin soket, an danne da tsinken ashana. Doguwar wayar da ta kawo wutar kuwa gaɓa-gaɓa ce, kowace mahaɗa an naɗe ta da leda, ta ratsa ta cikin jiƙaƙƙen yashi da kwatamin kwaɓa siminti. Murfin da ke kare faifan yanka an kwance shi tun ranar da aka sayo injin. Yaron da ke aikin yana sanye da silifa, idonsa a buɗe. Matsayin wannan jarida shi ne, alhakin wannan hali ya fi rataya a wuyan mai kwangila da mai gida da hukumomin da doka ta ɗora wa sa ido, fiye da yaron da aka miƙa wa injin aka ce ya gama kafin la'asar.

Yana da kyau a fara da sanin abin da ke cikin wayar. Wutar da kamfanin AEDC ke rabawa a Abuja da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa tana shiga gidaje ne da ƙarfin bolt 230. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma da zarar gumi ko ruwa ya jiƙa ta, kariyar ta ragu ƙwarai. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa wutar da ta haura miliamfa 30, idan ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, tana iya rikita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen mutum da ke tsaye a kan danshi yana iya ɗaukar ninkin wannan sau da dama. Abin da ya ƙara muni, wutar tana ƙanƙame tsokar hannu, sai mutum ya kasa sakin injin da ke kashe shi. Wanda ya san zafin watan Maris a Abuja, da damina mai farawa daga Afrilu ta kai Oktoba, ya san cewa mai sana'a a nan kusan kullum a jiƙe yake, ko da gumi ko da ruwan sama.

Masu ƙera injuna sun tanadi kariya iri biyu. Injin da ke da gangar jikin ƙarfe yana zuwa da waya mai ƙafa uku, ta ukun ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta zubo a jikin injin ta kai ta ƙasa, fis ya ƙone ko makunni ya faɗi kafin wani ya taɓa. Wanda ya yanke fulogi ya cusa waya biyu a soket ya cire wannan kariya, ya maye gurbinta da jikinsa. Iri na biyu shi ne injin da aka rufe cikinsa da rufi biyu, wanda ake ganewa da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babban murabba'i a jikin takardar da ke manne da shi. Wannan ba ya buƙatar wayar ƙasa, amma kariyarsa tana nan ne muddin robar jikinsa ba ta tsage ba, ruwa kuma bai shiga ba. Injin da ya faɗo daga bene aka ɗaure shi da roba ya riga ya fita daga wannan sahu.

Wayar kanta ita ce aka fi wulaƙantawa. Da ita ake ɗaga injin, da ita ake zuro shi daga saman gini, ita ake fizga idan za a cire daga soket. Baro yana taka ta, rodi yana yankar ta. Galibi tana fara lalacewa ne a daidai inda ta shiga jikin injin, wato kusa da hannun mai aiki. Gyaran da ya dace shi ne a sauya ta gaba ɗaya, ko a yanke wurin da ya lalace mai gyaran wuta ya sake ɗaura ta daga tushe. Leda da salatif ba sa hana ruwa shiga.

Akwai kuma haɗarin da ya zama namu na musamman, wanda takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin injin ba ta cika tsayawa a kansa ba. Yawancin injunan yanka suna da makunnin da ake kullewa a kunne, don kada yatsa ya gaji. Ana tsakiyar aiki sai a ɗauke wuta. Mai aiki ya yi tsaki, ya ajiye injin a ƙasa ko a kan benci, ya tafi shan ruwa, makunnin yana nan a kulle. Bayan minti ashirin a kawo wuta, ko wani a bayan gini ya tayar da janareta ba tare da ya sanar ba, injin ya zabura shi kaɗai yana tsalle a tsakanin ƙafafun mutane. Mafi muni shi ne wanda ya ce bari ya yi amfani da damar ɗaukewar wutar ya sauya faifai ko ya share haƙoran zarto. Hatta masu rukunin Band A, waɗanda aka ɗaga wa kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa a Afrilun 2024, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, ba 24 ba. Ke nan ko a unguwannin gata, ɗaukewa da dawowar wuta ba zato abu ne da ake zaune da shi. Ƙa'idar ba ta da wahala: da an ɗauke wuta a kashe makunni, a zare fulogi, kuma kada hannu ya kusanci faifai ko haƙori sai fulogin yana inda ido ke ganinsa. Akwai sababbin injuna da ba sa tashi da kansu idan wuta ta dawo, sai an sake kunna su. Ƙasa irin tamu ce ta fi kowace buƙatar su, kuma ya kamata hukumar SON ta duba yiwuwar mayar da wannan sharaɗi ga duk injin yanka da za a shigo da shi.

Raunin wuta ma ɓarna ne. Babban injin yanka mai wat 2,000 yana jan kusan amfa 9, fiye da haka a lokacin tashi. Idan aka ɗora shi a kan ƙaramin janareta, ko aka jawo masa wuta daga nesa da siririyar waya, sai wayar ta yi zafi, injin ya yi nishi, cikinsa ya ƙone. Doguwar wayar da aka bari a naɗe a kan gangarta tana tara zafi har robarta ta narke, saboda haka a warware ta duka kafin a ɗora mata nauyi.

Abin takaicin shi ne, maganin mafi yawan mace-macen da jan wuta ke jawowa ƙaramar na'ura ce da ake kira RCD. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga bambancin ya kai miliamfa 30, alamar wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Fis na yau da kullum ba ya yin wannan aiki, domin an yi shi ne ya kare waya daga gobara, kuma wutar da za ta kashe mutum ba ta isa ta ƙona fis mai amfa 13 ba. Ana samun na'urar a shagunan kayan wuta, akwai ta akwatin rabon wuta, akwai wadda ake maƙalawa a soket. A kan janareta kuwa sai ƙwararren mai wayarin ya haɗa wayar ƙasa yadda ya dace kafin ta yi aiki. A Ingila sun wuce nan: al'adar wuraren gini ita ce a sauke wutar injunan hannu zuwa bolt 110, a raba ta yadda abin da zai taɓa mutum ba zai wuce 55 ba. Ba mu ce a kwafo wannan gobe ba. Amma mai kwangilar da ke gina gidan miliyoyin naira ba shi da bakin cewa kuɗin RCD ya gagare shi.

Sai faifan yanka, wanda ya cancanci a dakata a kansa. Ƙaramin injin da ke ɗaukar faifai mai faɗin milimita 115 yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti guda. Babban, mai faifan milimita 230, yana yin kusan 6,500. An tsara su haka ne don gefen faifan kada ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. To, me zai faru idan aka kwance murfi, aka ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji don a samu zurfin yanka? Faifan zai yi gudun da ya zarce wanda aka yi shi dominsa, kuma idan ya tarwatse, gutsattsarinsa fuska da wuya da ciki suke nufa. Haka nan masu ɗaura faifan zarto mai haƙora a kan injin yankan ƙarfe don yanka katako: haƙori ɗaya ya cije a kulli ko ƙusa, injin ya dawo kan mai shi. Kaɗan ne suka san cewa faifan yanka yana da wa'adi, galibi shekara uku, ana buga shi a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, kuma danshi yana rage masa ƙarfi. Faifan da ya kwana a cikin kwantenar da ke yoyo, ko aka saye shi don ya fi araha ba tare da suna ko lamba a jikinsa ba, caca ce da ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ƙurar yankan tayil da dutse tana ɗauke da sinadarin silika mai daskarar da huhu sannu a hankali, cutar da ba ta warkewa, kuma ƙarar injin tana cin ji ba tare da mai shi ya lura ba. Gilashin ido da takunkumin ƙura da toshin kunne ba su kai kuɗin jinyar kwana guda ba. Kula da injin ma aikin mintuna ne: a busa ƙurar hunturu daga kafofin shan iskarsa, a sauya gawayin cikinsa idan tartsatsi ya yi yawa, a ajiye shi a busasshen wuri, wanda ya fara wari ko ɗan jan hannu kuma a janye shi daga aiki nan take.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma wayar da aka gani a tsage aka ci gaba da aiki da ita wata shida, sakaci ne ya ajiye ta a wurin. Ubangidan da ya ce shekara ashirin yana yanka ba murfi bai ga komai ba, sabo ne ke magana a bakinsa, kuma yaransa daga gare shi suke koyo.

Dokoki kuwa muna da su. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan injuna masu haɗari, sai dai tararta an yanka ta ne da darajar nairar wancan zamani, kuma ƙudirin da zai maye gurbinta ya daɗe yana kai-kawo a Majalisar Tarayya. Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata tun 1994. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta umarci masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da ɗan koyo da lebura na wucin gadi, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Ke nan yaron da faifai ya tsiyaye wa ido a Gwarimpa yana da haƙƙi a doka. A aikace, abin da ya saba samu shi ne kuɗin allura da na motar komawa gida.

Gyaran bai buƙaci sabuwar hukuma ba. Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Babban Birnin Tarayya yana zagaya wuraren gini, yana shafa jan fenti a bangon da ya saɓa ƙa'ida. Jami'in da ya zo duba takardar izini yana iya duba akwatin wutar wucin gadi, kuma a sanya RCD cikin sharuɗɗan izinin gini. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 don duba ingancin haɗin lantarki da tantance masu wayarin, ita ce ta dace ta fitar da wannan ƙa'ida a rubuce. SON ta shiga kasuwannin Dei-Dei da Gudu ta auna kaurin tagullar da ke cikin dogayen wayoyin da ake sayarwa, ta kuma bi faifan da ba su da lamba. Asusun ITF, mai cibiyar koyar da sana'o'i a Abuja, ya haɗa kai da ƙungiyoyin kafintoci da masu walda, a kai darasin cikin rumfunansu, da Hausa da sauran harsunan da masu aikin ke ji, tunda takardar cikin kwali da Turanci ko Sinanci take zuwa.

Mai gidan da ya kira ma'aikaci ya huda masa bango shi ma yana da abin yi, domin soket ɗinsa za a yi amfani da shi. Yana da ikon hana a cusa masa tsirarar waya, kuma ya kamata ya nuna wa mai aikin inda wayoyi da bututun ruwa suka bi ta cikin bango. Idan kuma wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni ko janareta, in ba hali a ture wayar da busasshen katako, a kira lamba 112, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin illar da wuta ta yi wa zuciya da tsoka tana iya bayyana bayan sa'o'i.