Ko sabuwar ƙira za ta farfaɗo da ginin tukwane a Zamfara?

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, robobi da kuloli sun maye gurbin randa da tulu a gidaje da dama, abin da ya rage wa magina ciniki.

Sai dai ƙirar Malam Mohammed Bah Abba, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000, ta nuna wata mafita: ƙaramar tukunya cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Yayin da ruwan ke ƙafewa, tumatirin da ke ciki kan yi sanyi ba tare da lantarki ba.

Matsalar ita ce girma. Tukunyar ta wadaci magidanci, amma manomin ranin Bakolori mai kwanduna da yawa sai an ƙera masa wadda ta fi ta.