RA'AYINMU: Likita Ya Ɗinke, Saura Tukunya

Jama'a, akwai wata magana da muka daɗe muna son kawowa gaban 'yan'uwanmu ɗalibai, amma kullum sai hayaniyar zaɓe da ta kuɗin makaranta su danne ta. Maganar kuwa ita ce halin da ɗan'uwanmu yakan shiga bayan an yi masa tiyata, an sallamo shi, ya komo cikinmu. Da wuya zangon karatu ya wuce ba a kwashi wani daga ɗakunan kwana an yi asibiti da shi ba, ko don afendis, ko gwaiwa, ko gyambon ciki, ko karaya a hatsarin babur. Ranar da za a shiga da shi kowa yakan tashi tsaye: wannan ya ba da jini, wancan ya bi ɗaki-ɗaki neman gudummawa, a yi ta addu'a. Da an ce aiki ya yi kyau, sai mu yi hamdala mu watse, kowa ya koma kan littafinsa. To, a nan muke kuskure, domin a ranar ne sauran rabin jinyar yake farawa, kuma mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi, mu ne masu jinyar.

Bayan mako biyu ko uku sai ka gamu da shi a hanyar laburare, wando yana zamewa daga ƙugu, wuya ya yi tsawo, idanu sun faɗa. Abokai su yi masa ba'a, wai ya koma sillen kara. In mace ce, sai ka ji ƙawaye suna yi mata barka, wai ta rabu da ƙiba ba tare da wahala ba. Ba mai tambayar abin da ya ci tun safe. Da an tambaya, da an ji cewa gari ya jiƙa da sukari, da dare kuma Indomie ɗaya, saboda ba ya iya tsayuwa gaban risho, ba ya iya ɗauko ruwa, kuɗin da iyaye suka aiko kuwa magani ya cinye.

Wannan rama tana da dalili, masana kuwa sun daɗe da gano shi. Tun cikin shekarun 1930 wani likita a birnin Gilasgo, David Cuthbertson, ya yi ta auna fitsarin waɗanda suka karye, ya tarar jikinsu yana narkar da naman kansa yana zubarwa, a 1942 kuma ya bayyana matakan da jiki yake bi bayan rauni. Watau jiki bai san bambancin wuƙar likita da ta ɗan fashi ba. Yanka yanka ne, kuma dole ya nemi kayan ɗinke shi. In bai samu daga kwano ba, sai ya ɗiba daga tsoka, kamar maigidan da ya rasa ƙasar gini ya rushe bangon zaure domin ya liƙe na ɗaki. Saboda haka abin da majinyaci yake zubarwa bai tsaya ga kitse ba, har da tsokar da yake tafiya da ita, da wadda yake numfashi da tari da ita. Sakamakon ke nan rauni ya yi jinkirin warkewa, ƙwayoyin cuta su sami hanya, mutum ya kasa zama aji.

A 1936 wani likitan Amurka, Hiram Studley, ya duba masu gyambon ciki da aka yi wa tiyata. Cikin waɗanda suka riga suka zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu kafin aiki, wajen mutum ɗaya cikin uku ya rasu. Cikin waɗanda ramarsu ba ta kai haka ba, waɗanda suka rasu ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Lalle aikin likita ya ci gaba ƙwarai tun daga wancan zamani, amma darasin yana nan daram: da ruwan ciki ake jan na rijiya. A da akan bar wanda aka yi wa aikin ciki kwanaki yana kan ƙarin ruwa, bai sa komai a baki ba. Tun daga shekarun 1990, da aikin likitan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, da waɗanda suka biyo bayansa, an gane cewa a yawancin ayyuka fara sha da ci cikin kwana ɗaya yana gaggauta warkewa. Lokacin farawa dai likita ne yake yanke shi. Da ya ba da izini kuwa, yunwa ba ta da sauran amfani.

To, me za a ci, kuma nawa? Mai lafiya yana buƙatar wajen giram 0.8 na furotin, watau sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai jinyar tiyata yakan buƙaci har giram 1.5. Ɗalibi mai kilo 60 ke nan buƙatarsa ta tashi daga giram 48 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 yake ɗauke da shi. Ba mu ce a haɗiye ƙwai goma sha biyar ba. Allah Ya hore mana abinci mai gina jiki wanda bai fi ƙarfin talaka ba: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, alale ko wake da rana, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi a miyar kuka, kwaɗon zogale. A haɗa da gwaba ko lemo, domin bitamin C ɗin da ke cikinsu rauni ba ya haɗewa sai da shi. Da yake marmarin abinci yakan gudu bayan tiyata, a riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a sha ruwa, a ɗan riƙa tattaki. Mai ciwon sukari ko na ƙoda shi kam ya bi tsarin da likitansa ya ba shi.

Akwai kuma camfe-camfen da muke tahowa da su daga gida, wai ƙwai da nono da gyaɗa suna sa rauni ya yi mugunya. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo mugunya, jikin da aka hana wa abinci kuwa shi ya fi kasa yaƙarsu. Abin kunya ne a ce ɗan jami'a yana hana abokinsa ƙwai saboda wannan. Haka nan wanda watan azumi ya riske shi cikin jinya, ya tuna shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya. 'Yan'uwanmu mata kuma masu son rage ƙiba, su bari sai rauni ya warke, lokaci yana nan. Duk wanda ya ga ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata ɗaya, watau kilo uku ga mai kilo 60, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko ɗinki ya fara ruwa, to ya koma asibiti, kada ya jira gobe.

Yanzu sai Ƙungiyarmu. A watan Afrilu na 1978 ɗaliban ƙasar nan suka fito zanga-zanga saboda ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini, har wasu suka rasa rayukansu a Legas da Zariya. Magabatanmu sun ɗauki cikin ɗalibi a matsayin maganar ƙungiya. An daɗe da soke abincin rangwame a jami'o'i, kowa ya koma ga tukunyarsa, amma marar lafiya ba shi da ƙarfin ɗora tukunya. Saboda haka muna kira ga shugabanninmu da abu uku. Na farko, a ware wani abu daga kuɗin da muke biya na ƙungiya domin ciyar da duk ɗalibin da aka yi wa tiyata har mako huɗu bayan sallama. Na biyu, kowane ɗakin kwana ya tsara masu karɓa-karɓar dafa masa abinci da ɗebo masa ruwa da raka shi awon nauyi mako-mako. Na uku, a nemi hukumar jami'a ta sauƙaƙa masa ɗage jarrabawa, kada tsoron faɗuwa ya fito da shi daga gado tun bai warke ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yau gare shi, gobe gare ka. Wanda ya iya ba da jininsa ranar tiyata, kwanon wake ba zai gagare shi ba bayan ta. In za ka je duba marar lafiya, sannu tana da daɗi, amma ka tafi da wani abu a hannu, ka kuma zauna har ka ga ya ci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, amin.

Edita