Ranar da Aka Kira Ni "Mai Yadi" a Bakin Tekun Faransa

Na daɗe ina juya wannan batu a raina, ina tunanin ko ya dace a sa shi a mujallarmu, domin kuwa magana ce wadda Bahaushe ba ya son a ɗauko ta a bainar jama'a. To amma da yake mu ɗaliban harshe ne, kuma aikinmu shi ne bin diddigin kalmomi da al'adun da suka haife su, sai na ga ɓoye ta ba shi da wani amfani. Saboda haka ina neman afuwa tun daga farko ga duk wanda zai ji nauyin abin da zan faɗa.

A watan Yulin 2023 Allah Ya nufe ni da zuwa birnin Bordeaux na ƙasar Faransa domin wani ɗan gajeren kwas na Faransanci. An sauke ni a gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, shi da mai ɗakinsa. Mutane ne masu karamci ƙwarai, waɗanda tun ranar da na sauka suka daina sa naman alade a tukunya saboda ni. Ran wata Asabar suka ce za su kai ni in ga Tekun Atilantika a wani ƙaramin gari mai suna Montalivet, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Bordeaux. Muna tafe a kan rairayi muna hira, sai muka iso wani allo da aka rubuta plage naturiste a jikinsa. Ni da ɗan guntun Faransancina, da na ga kalmar nature a ciki, sai na ɗauka wuri ne da aka keɓe domin kare tsuntsaye da itatuwa. Ɗaga kan da zan yi sai na ga ashe ba haka zancen yake ba. Jama'a ce mai yawa, magidanta da iyalansu, har da tsofaffi masu furfura, ba mai ko ƙyalle a jikinsa. Wani na karatun jarida, wasu na cin abincin rana, kowa na harkar gabansa kamar a kasuwa. Na yi salati, na sunkuyar da kai, na juya baya.

Dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi haƙuri ɗana, laifina ne da ban gaya maka ba, mu koma." Da muka yi nisa na ce masa, "Baba, anya mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙalau suke. Ranar Litinin in ka je asibiti ko banki, ba mamaki ɗaya daga cikinsu ne zai saurare ka, sanye da kwat da laƙtaye. Ka kuwa san abin da suke kiran irinmu, ni da kai? Textiles." Wato masu yadi, ko masu tufa. Wannan kalma ita ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na shiga bincike bayan mun koma gida.

Abin da na fara ganowa shi ne, al'amarin yana da tarihi da ƙungiyoyi da dokoki. Ya samo asali ne daga ƙasar Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana'antu suka cika birane da hayaƙi da cunkoso, tarin fuka ya addabi talakawa, likitoci kuma suka fara ba da shawarar shan iska da hantsi a matsayin magani. Jamusawa suna kiran abin da FKK a taƙaice, kuma a 1920 aka keɓe masa bakin teku na farko a hukumance a tsibirin Sylt. A Faransa wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna, Gaston da André Durville, suka kafa ƙauyen Héliopolis a tsibirin Levant a 1931. Shi kuwa Montalivet da ƙafata ta kai ni, ashe cibiya ce babba: Albert Lecocq da matarsa Christiane suka buɗe sansani a can a 1950, kuma a nan ne aka kafa ƙungiyar masu wannan ɗabi'a ta duniya a 1953. Ingila ma ta bi sahu, inda garin Brighton ya keɓe wani yanki na bakin tekunsa a 1980.

Mai karatu zai lura cewa duk ƙasashen sanyi ne. Mutumin da ya yi wata shida yana ƙunshe cikin riguna uku, rana ba ta leƙo shi sai jefi-jefi, dole ya yi marmarin hantsi irin marmarin da mu ba za mu taɓa fahimta ba. Mu a Kano ko Sakkwato inuwa muke nema, babbar riga da rawani ma kariya ce daga rana da ƙura. Su kuwa ranar suke bi da gudu.

Abu na biyu da na gano ya fi ba ni mamaki. Na ɗauka wurin masha'a ne, sai na tarar dokokinsu sun fi na wasu wuraren shaƙatawa tsanani. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Ba a ƙura wa mutum ido. Kowa yana yawo da tawul ɗinsa, a kansa zai zauna. Duk wanda ya nuna alamar batsa, korar sa ake yi. Ita kanta dokar Faransa ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000 ga wanda ya yi baje-kolin batsa a inda jama'a ke gani, don haka ne ma ake keɓe waɗannan wurare a kafa musu allo. Su a nasu faɗin, in aka tuɓe tufa an tuɓe bambancin mai kuɗi da talaka, kuma mutum yakan daina ƙyamar jikinsa don tsufa ko ƙiba ko tabo. Ban ce na yarda ba, amma abin da suke faɗa ke nan, kuma adalci ne a faɗe shi yadda yake.

A nan ne aikin ɗalibin harshe ya taso. Da Baban nan ya tambaye ni abin da na ji a raina a bakin tekun, sai na rasa kalmar da zan ba shi. Faransanci yana da honte, wato jin nauyin abin kunya da mutum ya aikata, yana kuma da pudeur, wato kame kai da ɓoye abin da bai kamata a gani ba. Mu kuwa kalma ɗaya ce ta haɗe su, kunya, har ta zarce su. Kunya ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce ke hana mutum cin abinci a gaban surukinsa. Ni ban aikata komai ba a wurin nan, amma na ji kunya a madadin mutanen da su ba su ji ba. Yaya za a fassara wannan a jimla ɗaya?

Mu dubi kuma kalmar sutura, wadda muka aro daga Larabci, daga tushen da ke nufin rufewa. Bahaushe yana kiran tufafi sutura, yana kuma cewa an yi wa mamaci sutura idan an yi masa wanka, an sa masa likkafani, an kai shi makwancinsa. Babbar addu'ar magidanci ita ce Allah Ya rufa asiri. Idan aka wulaƙanta mutum sai a ce an tsiraita shi, ko da kuwa yana sanye da riga 'yar Dikwa. Sannan ga kalmomin da muke siffanta tsiraici da su: zigidir, tumɓur, tik, zindir. Babu ko ɗaya a cikinsu da ake faɗa da sigar yabo, dukkansu ba'a ce ko tausayi. Wato harshen namu kansa ya riga ya ɗaure mutunci da rufi, tun kafin a zo ga hukuncin addini da ya iyakance al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa. Ba banza ba kuma, domin mu mutanen saƙa da rini ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a can, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. In dai haka ne, da suka kira ni mai yadi ba su yi ƙarya ba, gado na yi.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu ce kowa ya haukace sai mu, ya kamata mu tuna cewa iyakar sutura ba ɗaya ba ce ko a gidanmu. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna shiga fage da warki ko gajeren wando, dattawa na kallo, ba wanda ya ce sun yi tsiraici. Manomi a gona da masunci a ruwa ba sa shigar zuwa Idi. A 1986 jaridun Nijeriya sun cika da labarin mutanen Koma na duwatsun Alantika, a tsohuwar Jihar Gongola, waɗanda matansu ke ɗaura ganye, aka yi ta zuwa kallon su ana ɗaukar hotuna kamar ba 'yan'adam ba, alhali su ma suna da tasu kunyar da nasu ladubban. A Gana kuwa, a ƙarshen shekarun 1950, 'yar gwagwarmayar nan Hannah Kudjoe ta jagoranci gangamin raba tufafi da yaƙi da tsiraici a arewacin ƙasar. Abin da ke da ɗaure kai shi ne, a daidai zamanin da Turawa ke buga hotunan 'yan Afirka marasa tufa a matsayin shaidar rashin wayewa, a daidai lokacin ne 'yan'uwansu ke tuɓewa a Sylt da Levant suna kiran abin kiwon lafiya. Aiki iri ɗaya, suna biyu, ya danganta da wanda ke riƙe da alƙalami. Wannan darasi ne ga duk mai shirin zama mai fassara ko ɗan jarida.

To mene ne ra'ayina? Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. A wannan gaɓar dai na saɓa wa karin maganar. Ban tuɓe ba, ba kuma zan tuɓe ba, ba na kuma fatan ganin irin wannan allo a bakin tekun Legas ko Badagiri. Addinina ya hana, tarbiyyata ta ƙi, kuma hujjarsu ta daidaito ba ta gamsar da ni ba, domin alhazai ma suna ajiye bambancin sarki da talaka a Arfa da ƙyalle biyu farare, ba tare da an yar da sutura ba. Abin da ya fi damuna shi ne batun iyali. Babba shi ya zaɓar wa kansa, yaro kuwa kawo shi aka yi, ba a tambaye shi ba. A zamanin da kowane aljihu ke ɗauke da waya mai kyamara, kuma hoto in ya hau intanet ba ya saukowa, dokar hana ɗaukar hoto ba ta isa ta kwantar wa uba mai tunani hankali ba.

Amma duk da haka ba zan dawo gida in ce na ga mahaukata ko fasiƙai ba, domin ba abin da na gani ke nan ba. Mu da ke karatu a nan Kudu mun san ɗacin a yi maka hukunci daga nesa. Mun san yadda ake jin kalmar "aboki" idan ta fito daga bakin wanda ya ɗauka duk Bahaushe mai gadi ne ko mai wankin takalmi. Abin da ba ma so a yi mana, bai kamata mu yi wa wasu ba. Mutum yana iya fahimtar al'ada sarai, ya bayyana ta da gaskiya, sannan ya ce a kai kasuwa.

Akwai kuma wata magana da na gaya wa Baban nawa a daren ranar, wadda nake so in maimaita a nan. Idan ƙasa ta yarda mutum yana da 'yancin tuɓewa a bakin teku, to adalci shi ne ta yarda wani ma yana da 'yancin rufewa. A 2004 Faransa ta hana sa ɗankwali da sauran alamomin addini na fili a makarantun gwamnati. A 2010 ta yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a. A bazarar 2016 wasu garuruwan bakin teku, ciki har da Cannes, suka hana mata Musulmi shiga ruwa da rigar ninƙaya mai rufe jiki da ake kira burkini, sai da babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da irin wannan umarni na garin Villeneuve-Loubet a ranar 26 ga Agustan shekarar. Wata guda kacal bayan ziyarata, a Agustan 2023, aka sanar da hana abaya a makarantu. Dattijon bai yi mini musu a kan batun burkini ba, ya ce shi ma abin bai yi masa daɗi ba, ko da yake a kan makarantu mun rabu kowa da ra'ayinsa. Mun yi gardama har shayi ya huce, muka kuma kwana muna masu mutunta juna.

Shawarata ga 'yan'uwana, musamman waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne a wurinsu, ita ce kada ku tsaya ga ƙamus kawai. Idan malam ya ba ku kalmar kunya ko sutura ko kara, ku je Sabo ko Agege ku zauna da dattawa, ku ga yadda ake rayuwa da su. Mu kuma da ke koyon Faransanci ko Jamusanci ko Yarbanci, mu yi wa kalmominsu irin wannan adalci, kada mu ga nature mu ce tsuntsaye ne, kamar yadda ta faru da ni. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, aikin ɗalibin harshe kuwa shi ne ya saurari kukan da kyau, ya faɗi ma'anarsa ba ƙari ba ragi, ba tare da ya manta na gidansu ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalam.