Ilmi A Gida: Irin Da Ke Cikin Rumbu Yana Da Rai

A wannan wata za mu yi magana a kan iri.

A makaranta mukan koya wa yara alamun abu mai rai: yana cin abinci, yana numfashi, yana girma, yana motsi, yana jin abin da ke kewaye da shi, yana fitar da ƙazanta, yana kuma haihuwa. Dutse ba ya yin ko ɗaya. To, ƙwayar dawa fa? Da yawanmu mukan ɗauke ta kamar tsakuwa, alhali kuwa rayayya ce. Cikinta akwai ɗan tsiro yana barci, ga guzurinsa na gari a gefensa. Tun a sura ta 1 ta Littafin Farawa aka nuna mana Allah ya yi tsire-tsire, kowane da irinsa a cikinsa.

Busasshen iri yana numfashi kaɗan-kaɗan, don haka guzurinsa yakan kai shi damina. Amma in ya sami laima, sai numfashin ya ƙaru, buhu ya ɗauki zafi, hatsi ya yi fumfuna, ɗan tsiron ya mutu. Mai gona ba zai sani ba sai ya shuka, ruwa ya sauka, gonar maƙwabci ta yi kore, tasa kuwa fayau. A ƙasarmu ta Gozaki, wanda ya rasa shukar fari ya san abin da ya rasa, ga tsadar iri a kasuwar Funtua da Malumfashi a lokacin.

Ƙwaron wake ma mai rai ne. Macen takan yi ƙwai a jikin wake, tsutsa ta huda ta shiga tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ƙwaro, shi ma ya hayayyafa. Amma dole ya yi numfashi, kuma numfashinsa ya fi na busasshen iri nesa ba kusa ba. A nan masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka kama shi. Daga shekarar 2007 aka fara yaɗa buhunsu na PICS a Afirka ta Yamma: leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowane tam, ƙwarin sukan shanye iskar da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba magani mai guba a abincin yara ba.

Saboda haka ga shawararmu. Mu shanya iri sosai, har in an ciji ƙwaya ta fashe ƙas. Mu ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Kafin damina, mu ƙirga ƙwaya 100, mu naɗe a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, muna yayyafa ruwa har mako guda. In 80 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In rabi ne kawai, mu nemi wani tun da sauran lokaci.

Iyaye, ku bar yara su yi ƙirgar nan da hannunsu, su ga rai yana farkawa. Allah ne mai ba da girma, amma tsaron iri aikinmu ne. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.