Waiwaye: Allurar Mai da Sandar Yaron Mota

Shekarun baya, direban kamiyo a Maraɗi bai cika damuwa da allurar mai ba. Ko ta mutu, ya bar ta a mace. Daga tasha zuwa Jiratawa, har Ɗan Isa a bakin iyaka, kwalabe da jarkoki ne jere a gefen kwalta. 'Yan ruwa-ruwa na shigo da man Najeriya ta Jibiya, kuma wanda mai ya yanke wa a hanyar Tibiri, yaro kawai zai tura da kabu-kabu. Arha ta rufa wa sakaci asiri.

Sai abubuwa suka juya. A 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a Najeriya, kasuwar ruwa-ruwa ta karye, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya hau kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda tun buɗe ta a 2011 ganga dubu 20 ne ƙarfinta a rana. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakoki, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Hanya ta ƙara tsawo, iyayen gida suka fara tambayar inda kowace lita ta shiga.

A nan aka yi ta zargin direbobi da yaransu. Akwai masu zuƙa da tiyo, ba a musu. Amma an ci zalin da yawa, don allurar ba mai take aunawa ba, tsayinsa take aunawa. Wani ɗan toto ne ke yawo a saman man, maƙale da ƙarfe, yana aika saƙo zuwa gaban direba. Mota ta hau tudu, allura ta faɗi. Ta gangara, ta tashi.

Shi ya sa tsofaffin direbobi suka fi yarda da sanda. Yaro ya buɗe tanki, ya zura, ya zaro, ya nuna wa ubangidansa inda ta jiƙe da babban yatsa: "Maigida, saura kwata." Ita ma sandar ba waliyyiya ba ce. Tankin da aka yi shi kamar ganga a kwance ƙasansa ƙunci gare shi, in sanda ta nuna kwata, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. A tankin lita 400, kana zaton 100 ce, alhali ba ta kai 80 ba. In tirelar na shan lita 40 a kilomita 100, ratar ta kai tafiyar Maraɗi zuwa iyaka. Kuma injin gazuwal in ya sha iska ba zuba mai kawai ake yi a wuce ba. Sai an fitar da iskar, wani lokaci har a canza filta, don dauɗar gindin tanki ta toshe ta.

Masu motocin da suka huta da rigima littafi suka buɗe. A cika tanki fal, a rubuta kilomita, a je Yamai a dawo, a sake cikawa, a raba litocin da aka zuba da kilomitan da aka yi. Sai su gane motar da ta ɗauko siminti fiye da ƙima, tayoyi a saɓe, tana fuskantar iskar hunturu a hanyar Damagaram, shanta ya fi na wadda ta koma wayam nesa ba kusa ba, ko da direba ɗaya ne ya ja su.