Hannu ya mutu, mu kuma sai neman hoto

Duk wanda ke cin kasuwa tsakanin Madarunfa, Ɗan Isa da Maraɗi ya san wannan kukan. Mai tuyar ƙuli-ƙuli ta ce da dare yatsunta uku suna mutuwa, sai ta tashi ta yarfa hannu kafin ta koma barci. Mai awo ya ce tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo ciki. Abin da muke yi kuwa bai wuce biyu ba: mu sayi tramol wajen mai tebur, in abin ya ƙi, mu tara kuɗi mu je a yi mana hoto. Hoto ya fito, a ce ba a ga kome ba, mu dawo gida da cewa sammu ne ko iska.

Jama'a, hoton nan da muke kira radiyo ƙashi yake nunawa. Ba ya ganin jijiya. Mu Hausawa ma da kalma ɗaya muke kiran hanyar jini da wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, duk jijiya ce, shi ya sa muke ruɗewa. Sikana da IRM suna leƙa ƙwaƙwalwa da gadon baya, suna da amfani ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya, wanda bai kamata ya kwana gida ba. Amma jijiyar hannu da ƙafa, awonta daban ne. Ana manna 'yan wayoyi a fata, a saki wutar lantarki kaɗan, kamar wanda ya taɓa minjirya cikin tafki, na'ura ta auna saurin tafiyar saƙo. Wani lokaci a soka siririyar allura cikin tsoka don a ji ko laifin na jijiya ne ko na naman kansa. Wannan awo sai manyan asibitocin birane irin su Yamai da Kano, kuma likita ne ya kamata ya ce a je, ba maƙwabcin rumfa ba.

Ra'ayinmu shi ne, yawancinmu ba da wannan za mu fara ba. Awon farko yana kusa da mu, kuma ba ya cin jari. A Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Najeriya, cikin gundumarmu ta Madarunfa, akwai cibiyar da mishan ta SIM ta kafa, wadda ta daɗe tana kula da masu kuturta. Kuturta kuwa ciwon jijiya ce kafin ta zama ciwon yatsu. Ma'aikaci zai shafa auduga a kan tabon da ya yi haske a fata, ya tambaya ko an ji. Ya lalubi jijiyar gwiwar hannu ko ta kumbura. Ya ce a rufe ido da ƙarfi, a ware ƙaramin yatsa, a ɗaga ƙafa. Da auduga da bakin biro ake gano abin da hoto ba zai gani ba. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12. Jijiyar da ta fara lalacewa, in an zo cikin wata 6 na farko, sau da yawa takan farfaɗo. In an wuce nan, magani zai kashe ƙwayar cutar, amma da wuya yatsan da ya lanƙwashe ya miƙe.

Abin takaici, kunya ce ke hana mu. Mai sayar da abinci tana tsoron a gan ta ta nufi Danja, masu saye su watse. Alhali wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ɓoye shi ne ke zaune da ita cikin iyali.

Haka ciwon suga. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara bincike, amma sai mutum ya taka ƙusa bai ji ba, gyambo ya ci ƙafa, sannan a tuna da likita.

Sai batun yara. Allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ya riƙa jan ƙafa har girma, don haka mu daina kai su wajen masu allurar bayan shago. Kuma ko da yake a 2020 an tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam, a kai shi likita cikin kwana 14 don a ɗauki kashinsa sau biyu a auna.

Ga mahukuntan lafiya na Maraɗi kuma, roƙonmu shi ne a riƙa turo ma'aikaci ranar kasuwa da auduga, da na'urar awon suga. Mai rumfa ba za ta rufe ta yini a layin asibiti saboda yatsa ya yi sanyi ba, amma in an zo mata har inda take, za ta miƙa hannu.